Fitilar Inji Ta Kama a Tsohuwar Motarka? A Karanta Kafin a Goge

Duk wanda ya saba shiga motocin 'yan Kwatano, musamman manyan nan da suka kwana biyu irin su Marsandi C-Class da E-Class, da BMW, da Lexus RX da ES, ya san wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, da ke kamawa a dashbod. Masu motoci da yawa sun saba da ita har sun daina ganinta. Ka tambayi mutum, ya ce maka, "Ai haka na saye ta," ko kuma, "Bakanike ya ce ba komai, sensa ce." Wasu kuwa da zarar ta kama sai hankalinsu ya tashi, su garzaya gareji, a jona na'ura, a ce a canja kaza, a kashe kuɗi, bayan kwana kaɗan fitila ta dawo. Duka ɓangarorin biyu asara suke yi, kuma dalilin asarar ɗaya ne: ba a tsaya an fahimci abin da motar ke faɗa ba.

Motocin zamani suna da kwamfuta mai lura da iskar da inji ke shaƙa, da man da yake sha, da zafinsa, da hayaƙin da yake fitarwa. Idan wani awo ya kauce daga inda ya kamata, sai ta ajiye wata lamba a ƙwaƙwalwarta, ta kunna fitilar. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta tsari guda na karanta waɗannan lambobi, wanda ake kira OBD-II. Turai ta biyo baya, motocin fetur a 2001, na dizal a 2004. Saboda haka kusan duk motar da ta shigo mana ta Kwatano ko ta Legas tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin dashbod, ta gefen direba. Nan ake jona na'urar sikanin.

Abu na farko da ya kamata direba ya lura da shi, tun kafin maganar na'ura, shi ne yadda fitilar ta kama. Idan ta tsaya cak ba ta motsi, kuma mota tana tafiya lafiya, za ka iya ƙarasa tafiyarka a hankali ka nemi a duba cikin 'yan kwanaki. Idan kuwa ƙiftawa take yi, tana kamawa tana ɗaukewa, wannan gargaɗi ne mai tsanani. Ma'anarsa wata silinda ba ta ƙona mai yadda ya kamata, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa yana ƙonewa a can, kuma zai iya narkar da matatar hayaƙi cikin ɗan lokaci. Sassauta ƙafa daga totur, ka nemi wuri ka tsaya. Kada kuma a haɗa wannan fitila da jajayen nan biyu, ta baƙin mai da ta zafin inji. Waɗannan in sun kama, kashe mota ake yi nan take, ko a tsakiyar hanyar Zariya ne.

Lambar da na'ura ke nunawa harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. P na nufin inji da giya, B jikin mota, C ƙafafu da burki, U kuma hanyar da kwamfutocin motar ke magana da junansu. Idan sifili ne ya biyo bayan P, lambar gama-gari ce, ma'anarta ɗaya a Marsandi da Toyota. Idan 1 ne, ta kamfanin ce shi kaɗai, kuma sai an duba littafinsa.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, wani lokaci da gangan, galibi dai saboda ƙarancin sani. Lambar nan ba sunan kayan da ya lalace ba ce. Kamar zazzaɓi take: ya nuna maka jiki ba lafiya, amma bai ce maka maleriya ce ko taifot ba, sai an yi gwaji. Ɗauki P0171, wadda tana cikin lambobin da aka fi gani. Abin da take cewa kawai shi ne iska ta yi wa mai yawa a ɓangare na farko na injin. 'Yar uwarta P0174 tana faɗin haka game da ɓangare na biyu. Da yawa daga masu sikanin, da sun ga wannan sai su ce sensar iskar oksijin ta mutu, a je kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Fanteka a sayo wata. Alhali sau da yawa ita sensar lafiyarta ƙalau, aikinta ma ta yi da ta kai rahoto. Matsalar tana iya zama tiyon roba da ya tsufa ya tsage yana zuƙar iskar da ba a auna ba. Tana iya zama sensar awon iska da ke bayan filta, wadda ƙurar hunturu ta lulluɓe. Tana iya zama famfon mai da ya raunana, ko filtar mai ta toshe, ko nozul sun yi datti. A tsofaffin BMW irin E46 da E39 masu silinda shida, tsagewar robar bututun iska da lalacewar bawul ɗin da ke fitar da tururin baƙin mai sanannun abubuwa ne da ke haifar da waɗannan lambobi biyu.

Ƙwararren bakanike yana da hanyar tantancewa ba tare da ya sa ka sayi komai ba. Na'urar tana nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa don ta cike giɓin. Idan ƙarin ya haura kashi 10 cikin ɗari a lokacin da mota ke silo, amma ya sauka da an taka totur, to iska ce ke shiga ta wata kafa. Idan kuwa sai an taka ne yake hawa, hankali ya koma kan famfon mai da sensar awon iska. Wannan gwaji bai wuce na 'yan mintuna ba. Wanda bai iya shi ba, karanta lamba kawai ya iya, kuma karanta lamba ko kai ma za ka iya da ƙaramar na'urar ELM327 da wayarka.

Haka abin yake idan mota tana misin. P0300 na nufin rashin ƙonewar yana yawo tsakanin silindoji, P0301 silinda ta ɗaya, P0304 ta huɗu, haka har ƙarshe. Kafin a ce maka ka sayi kwayil shida, a cire kwayil ɗin silindar da ake zargi a musanya da na maƙwabciyarta. In lambar ta bi kwayil ɗin ta koma can, an kama mai laifi, guda ɗaya za ka saya. In ta tsaya inda take, a duba fulogi da nozul da ƙarfin matsin silindar. A kuma tambayi kai inda aka sha mai na ƙarshe. Man 'yan bumburutu da ya haɗu da ruwa ko kananzir yana sa lafiyayyen inji ya yi ta karkarwa, kuma ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo Najeriya a watan Fabrairun 2022 ba, wanda ya kwantar da motocin jama'a.

P0420 da P0430 kuwa suna magana ne a kan matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda a gareji ake ce wa indomi. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, filatinum da faladiyum da rodiyum, shi ya sa take da kasuwa. Ana kwashe ta a hanya kafin mota ta iso hannun mai saye, ana kuma kwashe ta a wasu garejoji da sunan wai ta toshe. In an ce maka taka ta toshe, ka nemi a nuna maka, kuma in an cire ka karɓi abinka. Sannan ka tambayi abin da ya kashe ta, domin ba kasafai take mutuwa haka kawai ba. Yawanci misin ɗin da aka yi watanni ana tafiya da shi ne, ko inji mai shan baƙin mai.

Akwai wata al'ada da ta zauna daram a garejojinmu, wadda ni dai ban ga amfaninta ba: cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In aka hana shi kaiwa nan, kwamfuta takan ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da zuba mai fiye da ƙima. Sakamakon shi ne P0128, da shan mai, da baƙin fulogi. Motar da ke zafi lagiretonta ko famfon ruwanta ko fankarta ke neman gyara.

Manyan motoci suna da nasu ƙarin sharaɗi. Marsandi ko BMW ta shekarun 2000 tana ɗauke da kwamfutoci da dama, na giya daban, na burki daban, na jakar iska daban. Ƙaramar na'ura mai araha ɓangaren inji kawai take gani, har ta ce maka babu matsala alhali giya tana da lambobinta a ajiye. Don haka ake neman wanda ke da na'urar da ta san motar: Star ko Xentry ga Marsandi, ISTA ga BMW, Techstream ga Lexus da Toyota. Waɗanda suka fi tsufa kuma, irin Marsandi W210 da W140, suna da wani zagayayyen soket mai ramuka 38 a ƙarƙashin bonet, BMW na wancan zamani mai ramuka 20, kuma ta nan ne ake samun cikakken bayani.

Kowane inji kuma da cutar da aka san shi da ita. Marsandi masu injin M112 da M113 sukan mutu in sun yi zafi, su ƙi tashi sai sun huce, kuma sau da yawa sensar kiranshaf ce, ƙaramin abu mai sauƙin canjawa. Amma injin M272 na farko-farko, wanda ke cikin C da E da ML na wajajen 2005 zuwa 2007, in ya nuna P0016 ko P0017 ba abin wasa ba ne, domin an san shi da cinyewar haƙoran wata giya a cikinsa, gyaran da kan kai ga sauke inji. Idan kuma ka ga lambobi barkatai sun fito lokaci guda, ba su da alaƙa da juna, fara da batir. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 in mota tana kashe, 13.5 zuwa 14.5 in tana aiki. Waɗannan motoci ba sa haƙuri da raunin wuta.

Sai maganar gogewa. Duk lokacin da kwamfuta ta ajiye lamba, takan ajiye yanayin da abin ya faru tare da ita: gudun mota, zafin inji, yawan juyawarsa. Wannan bayani shi ne jagoran mai gyara. Wanda ya danna gogewa, ko ya cire kan batir don fitila ta mutu, ya zubar da shaidar, kuma bai gyara komai ba. Ana gogewa ne bayan an yi gyara, don a ga ko za ta dawo.

Mai shirin sayen mota ya fi kowa buƙatar wannan sani. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Dole fitilar ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe ta daga ciki. In ta kama ta mutu yadda ya kamata, har yanzu da saura. Sa a jona na'ura a duba gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa kanta. Bayan an goge lambobi, waɗannan gwaje-gwaje sukan nuna ba su kammala ba har sai an yi tafiya mai ɗan nisa. Motar da dillali ya ce ana hawanta kullum, amma na'ura ta nuna yawancinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge mata wani abu, ko aka cire mata batir. Ka nemi a yi doguwar tafiya da ita a sake dubawa kafin kuɗi su bar hannunka.

In fitilar ta kama maka, ka sa a karanta, ka ɗauki hoton lambar da wayarka kafin kowa ya taɓa maɓallin gogewa. Sannan ka yi wa bakanike tambaya ɗaya: "Maigida, wane gwaji ka yi da ya nuna maka wannan kayan ne ya lalace?" In ya nuna maka, saya. In lambar kawai ya nuna maka, kai motarka wani wuri.