Yadda Ake Gano Ƙa'idar Kuɗi Daga Jadawali

Babu hakimi ko malamin hakimi a ƙasar Daura da bai san kasuwar Mai'adua ba, wadda ke ci ran Lahadi, inda ake shigo da dabbobi daga Jamhuriyar Nijar, a yi lodinsu zuwa Kudu. Duk inda shanu suka taru haka rasit yakan yi yawa, ƙara kuma ba ta yankewa. Mai shanu ya ce an cuce shi, mai karɓar kuɗi ya rantse bai ɗora ko kwabo ba. To, malami yana iya raba wannan gardama da alƙalaminsa, ko da ba a gaya masa farashi ba.

Ga misali, amma a lura kuɗin nan na kwatance ne kurum. An kawo rasit huɗu na mai karɓa guda, malami ya jera su:

Shanu 2, naira 1,300
Shanu 4, naira 2,100
Shanu 6, naira 2,900
Shanu 10, naira 4,500

Da fari sai a duba tazara. Daga shanu 2 zuwa 4 kuɗi ya ƙaru da naira 800, daga 4 zuwa 6 ma haka, watau naira 400 ke nan kan kowace saniya. Daga 6 zuwa 10 ƙarin naira 1,600 ne, kuma a nan waɗansu malamai kan yi gaggawa su ce lissafi ya ɓaci, alhali kuwa shanu huɗu aka ƙara, kowace tana nan a 400 ɗinta. Tilas a raba ƙarin kuɗi da ƙarin shanu kafin a yanke magana.

Sa'an nan a koma kan rasit na fari. Shanu 2 sau 400 naira 800 ne, amma an biya 1,300. Ragowar 500 ɗin nan ita ce tsayayyen kuɗi, wanda kowa ke biya ko shanunsa nawa ne. Ƙa'ida ta fito ke nan: a riɓa yawan shanu sau 400, a ƙara 500. A littattafan makaranta akan rubuta ta y = 400x + 500, x na nufin shanu, y kuwa kuɗi.

In an sami takarda mai gida-gida, aka jera shanu a kwance, kuɗi a tsaye, aka ɗiga kowane rasit a mahaɗarsa, za a ga ɗigon huɗu sun hau miƙaƙƙen layi guda. Wannan dabara ta haɗa zane da lissafi wani Bafaranshe ne, Descartes, ya bayyana ta a 1637.

Yanzu a ce mai ƙara ya miƙo rasit na shanu 8 da naira 4,100. Ƙa'ida ta ba da 3,700, ɗigonsa kuwa ya tashi sama da layi da naira 400 daidai, kuɗin saniya guda. Ko dai an ɗora masa, ko kuwa shanu 9 ya shigar aka rubuta 8. Lissafi ba zai faɗi wanne ne ba, sai hakimi ya kira sarkin turke da dillalin da ya ga dabbobin a tambaye su.