Riƙe Kamfanin Jirgi Ɗaya Ko Bin Mai Araha: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Duk mai yawan hawa jirgin sama yakan gamu da wannan zaɓi, ko ɗan kasuwa ne mai saro kaya a Guangzhou da Dubai da Istanbul, ko ma'aikacin da taro ke kai shi ƙasashe, ko mai zuwa umara duk shekara. Kamfanin da kuka saba bi, wanda kuke tara maki a wurinsa, ya sa wa tikitinsa tsada. Ga wani kuma zai kai ku gari ɗaya da ragin dala 100 ko 200. Ku cika kuɗin don kada makinku ya tsaya, ko ku bi mai araha? A 'yan shekarun nan matafiya da dama a Amurka da Turai sun soma ja da baya daga kamfanonin da suka riƙe shekara da shekaru, saboda an sauya musu dokokin tara makin. Sauyin ya shafe ku ku ma, tunda manyan jiragen da ke sauka Kano da Abuja da Yamai duk suna da tsarin tara maki.

Mene ne tsarin tara maki?

Yarjejeniya ce tsakaninku da kamfanin jirgi. Kuna yin rajista kyauta a shafinsa na intanet, ya ba ku lamba. Duk tafiyar da kuka yi da wannan lamba a jikin tikitinku, sai a zuba muku maki a asusunku. Idan ya taru kuna iya karɓar tikiti da shi, ko a ɗauke ku daga kujerun baya zuwa na gaba masu faɗi, ko ku biya kuɗin ƙarin kaya. Kamar gyara ne da mai kanti ke yi wa wanda ya saba saye a wurinsa, don gobe ma ya dawo.

A Amurka abin ya bunƙasa. A 1978 gwamnatin ƙasar ta cire hannu daga tsayar da farashin tikiti, gasa ta yi zafi, sai a 1981 kamfanin American Airlines ya fito da tsarin AAdvantage, United ya biyo shi a shekarar. Yau kusan kowane babban kamfani na da nasa: ShebaMiles na Ethiopian, Miles&Smiles na Turkish, Privilege Club na Qatar, Alfursan na Saudia, Skywards na Emirates, Flying Blue na Air France da KLM. A gida ma Air Peace na da Peace Advantage. Yawancinsu da mil suke lissafin makin, domin tun asali tsawon tafiya ake aunawa. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Maki iri nawa ne?

Iri biyu ne, kuma nan aka fi ruɗewa. Akwai makin kashewa, wanda kuke musanyawa da tikiti. Akwai kuma makin matsayi, wanda ba a sayen komai da shi. Aikinsa kawai ya nuna yawan hulɗarku da kamfanin a cikin shekara, don a ba ku katin azurfa ko na zinare ko wanda ya fi su. Makin kashewa na iya zama a asusu shekaru. Makin matsayi kuwa galibi duk wata 12 ake sake lissafinsa, kuma idan ba ku sake cika sharaɗin ba, katinku zai sauka idan wa'adinsa ya ƙare. Yawancin masu biyan tikiti mai tsada don kada su bar kamfaninsu, wannan katin suke karewa.

Me ya sauya?

Da can wanda ya yi tafiya mai nisa shi ke samun maki mai yawa, komai arahar tikitinsa. Yanzu manyan kamfanoni da dama kuɗin da kuka biya suke dubawa. Delta da United sun koma haka a 2015, American a 2016, Flying Blue a 2018. British Airways ya kai sauyin har ga matsayi a Afrilun 2025: kowane fam ɗaya da kuka kashe, ban da harajin gwamnati, maki ɗaya ne, kuma katin azurfa na neman maki 7,500, na zinare 20,000. Wato mai sayen tikitin kujerun baya da kuɗin aljihunsa zai iya zuwa Landan sau da yawa a shekara bai kai ga zinare ba.

Ko kamfanonin da har yanzu suke duba tsawon tafiya ba kowane tikiti suke ba wa cikakken maki ba. Kowane tikiti na ɗauke da wani harafi da ke nuna ajin farashinsa. Kujera ɗaya ce, abinci ɗaya ne, amma mai harafin tsada ya sami makinsa cif, mai harafin araha ya sami rabi ko kashi ɗaya cikin huɗu, wani ma ya tashi babu komai. Tikitin rukuni da ejan kan yanka wa masu umara sau da yawa yana cikin na ƙasa, jiragen shata irin na aikin hajji kuwa galibi ba sa ba da maki sam.

Me ya sa kamfanonin suka yi haka?

Saboda makin ya zama haja. Kamfanonin jiragen Amurka na sayar wa bankuna maki, bankunan kuma su raba wa masu sayayya da katinsu. A 2023 kaɗai Delta ya karɓi kusan dala biliyan 6.8 daga American Express ta wannan hanya. Lokacin korona, da jirage suka tsaya, United ya jinginar da tsarin makinsa ya ci bashin dala biliyan 6.8 a 2020, Delta ya ci biliyan 9, American ya ci biliyan 10 a 2021.

Abin lura gare ku shi ne, makin da ke yawo a duniya ya yi yawa, kujerun da ake warewa don masu maki kuwa ba su ƙaru haka ba. Matafiyi daga Najeriya ko Nijar, wanda galibi ba shi da irin wannan katin banki, da zama a jirgi na sa'o'i yake tara nasa, sannan ya je yana neman kujera ɗaya da wanda ya tara nasa a kantin sayayya.

Dole ne kamfani ɗaya tak?

A'a, kuma wannan ya rage wuyar zaɓin sosai. Manyan kamfanoni sun haɗu a ƙawance uku: Star Alliance da aka kafa a 1997, oneworld a 1999, SkyTeam a 2000. Idan kuna da lamba a wani kamfani, kuna iya zuba makin tafiyarku da sauran kamfanonin ƙawancensa a wannan lambar, kuma katinku na matsayi na aiki a wurinsu duka.

Ethiopian da EgyptAir da Turkish da Lufthansa duk 'yan Star Alliance ne. Qatar da Royal Air Maroc da British Airways suna oneworld. Saudia da Kenya Airways da Air France da KLM suna SkyTeam. Emirates ba ya cikin ko ɗaya. Don haka mai tashi daga Kano, wanda yau ya yada zango a Addis Ababa da Ethiopian, gobe a Alƙahira da EgyptAir, ba ya bukatar asusu biyu. Lamba ɗaya ta ishe shi, kuma yana da damar gwada farashin kamfanonin biyu ya ɗauki mai sauƙi. Raba maki a asusu huɗu ko biyar shi ne babbar asarar da matafiya ke yi, domin babu wanda zai taru ya kai kuɗin tikiti.

Me katin matsayi ke ba ku?

Katin farko, wanda aka fi kira azurfa, amfaninsa kaɗan ne a sauran kamfanonin ƙawancen. Daga matakin zinare ne abin ke yin kauri. A Star Alliance, mai wannan mataki na bin layin awo na musamman, yana shiga jirgi da wuri, kayansa na cikin na farkon fitowa, kuma yana shiga ɗakin hutu na filin jirgi tare da baƙo ɗaya, inda akwai abinci da wurin zama mai kyau, wani wurin har da wanka. Wanda ya taɓa kwana a kan kujerar ƙarfe yana jiran jirgin asuba ya san darajar wannan.

Amma ga ɗan kasuwa, ni a ganina, ƙarin kaya ne ya fi komai. Mai katin zinare na Star Alliance na samun ƙarin jaka ɗaya, ko kilo 20 inda da nauyi ake lissafi. A hanyoyin Afirka da yawa mai kujerar baya na da jaka biyu masu kilo 23 kowace, jaka ta uku kuwa a tafiya mai nisa takan ci kuɗi mai kauri. Hajiyar da ke dawowa da atamfa da takalma da turare sau shida a shekara, idan kowace dawowa ta sami jaka ɗaya ba ta biya kuɗin awo ba, wannan riba ce da za ta iya rubutawa a littafinta. Wanda kuma ke tafiya da jakar hannu kawai, wannan garaɓasar ba ta ƙara masa komai ba. Sai dai ku duba sharaɗin tikitinku, domin wasu kamfanonin ba sa ba da ƙarin jakar a tikiti mafi araha.

Akwai amfani na ƙarshe da ba a ganin sa sai ranar matsala. Idan an soke jirgi, fasinjoji ɗaruruwa na neman kujera a na gaba, masu babban kati ake fara dubawa.

Tikitin maki kyauta ne?

Ba gaba ɗaya ba. Makin na biyan ainihin kuɗin kujera ne kawai. Harajin gwamnati da na filin jirgi da kuɗi za ku biya, kuma kamfanoni da yawa na ɗora wani ƙari nasu da aka fi sani da kuɗin mai. A tafiya mai nisa waɗannan kan kai dala ɗaruruwa, kuma tunda aka saki naira a Yunin 2023 nauyinsu ya ƙaru a aljihun ɗan Najeriya. Sannan kujerun maki ƙalilan ne, kuma lokacin da kuka fi bukatarsu, kamar goman ƙarshe na azumi ko hutun Disamba, lokacin ne suka fi wuyar samu.

Makin na iya salwanta?

Ƙwarai kuwa, ta hanya uku. Ta farko wa'adi: makin Turkish da na Emirates na ƙarewa bayan kimanin shekara uku, na British Airways na gogewa idan asusu ya yi wata 36 babu motsi, na Delta da United kuwa ba sa ƙarewa. Ta biyu, kamfani na da ikon ƙara yawan makin da tikiti ke ci a duk lokacin da ya ga dama, kamar yadda Turkish ya yi a farkon 2024.

Ta uku ta fi kusa da mu: jirgin ya daina zuwa garinku. Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗinsa da suka maƙale a ƙasar, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Air France ya daina sauka Yamai tun Agustan 2023 bayan juyin mulki. Makin masu bin waɗannan jirage na nan a asusu, amma kashe shi daga gida ya zama wahala, wa'adi kuma bai tsaya jira ba. Idan kamfani ya durƙushe ɗungurungum, kamar Air Berlin a 2017, makin kan tafi tare da shi. Shi ya sa shawarata ita ce ku kashe maki da zarar ya isa tikitin da kuke bukata. Ba ya ƙara daraja don an ajiye shi.

Yaya za ku lissafa?

Ku mayar da komai kuɗi. Masu bin harkar galibi suna kimanta maki ɗaya tsakanin senti ɗaya da biyu na dala. Zuwa Guangzhou daga Kano ta Addis Ababa da dawowa kusan mil 14,000 ne. Idan tikitinku rabin maki yake bayarwa, kun sami 7,000, wato abin da darajarsa ke tsakanin dala 70 da 140. A ce wani kamfanin ya yi muku ragin dala 250, to maki kaɗai bai isa ya riƙe ku ba. Idan kuwa kuna da katin da zai ɗauke muku kuɗin jaka ta uku da abincin zango, ku haɗa waɗannan a lissafin, kuma mai yiwuwa kamfaninku ya rinjaya. Ku sa lokaci ma a ciki: zangon sa'a goma saboda maki, alhali ga mai zangon sa'a biyu, yini ne guda na kasuwa ya tafi.

Idan ofis ne ke biya muku tikiti, akwai batun amana. Zaɓar tikiti mai tsada da kuɗin ma'aikata don makin ya shiga asusunku bai dace ba, sai idan dokar wurin aikinku ta yarda.

To wa ya dace ya riƙe?

Wanda ke tafiya mai nisa kusan duk wata biyu, a hanya ɗaya, da kaya masu nauyi, kuma ƙawance ɗaya ke bin hanyar tasa, ya dace ya riƙe. Mai tafiya sau ɗaya ko biyu a shekara ba zai kai ga katin zinare ba, don haka ya yi rajista tunda kyauta ce, ya karɓi makin da ya samu, amma farashi da lokacin tashi su zaɓa masa jirgi.

Ko wanne ne ku, ku rubuta sunanku a asusun daidai yadda yake a fasfo, domin bambanci irin na Muhammad da Mohammed na hana maki shiga. Ku ba ejan lambarku tun lokacin yankan tikiti, ku tambaye shi harafin ajin tikitin, kuma ku adana takardar shiga jirgi har makin ya bayyana, saboda da ita ake neman wanda bai shiga ba cikin 'yan watannin da kamfani ya ƙayyade. Kada kuma ku sayi maki daga hannun dillali ko ku sayar masa da naku. Dokar yawancin kamfanoni ta haramta haka, kuma idan suka gano suna iya rufe asusun, su soke tikitin da aka yanka da makin.