Amurka: Parmin tuƙi ya zama ƙofar rajistar zaɓe

A ƙasar Amurka, shekara da shekaru, ɗan ƙasa ne ke ɗauke da nauyin zuwa ya sa sunansa cikin kundin masu zaɓe. Wanda ya manta, ko ya sake gari bai sanar da hukuma ba, ranar zaɓe sai ya tarar babu sunansa. Matasa da talakawa abin ya fi shafa.

A shekarar 1993 shugaba Bil Kilinton ya sa hannu bisa wata doka wadda ta umurci mafi yawan jahohi su ba mutane damar yin rajista a biron da ake ba da takardar izinin tuƙin mota, wato parmi. Dalili kuwa, galibin baligan ƙasar suna da parmi, kuma biron yana riƙe da sunan kowa, da ranar haihuwarsa, da inda yake zaune. Amma ko a lokacin, sai mutum ya nema ake rubuta shi.

Jahar Oregon ce ta juya al'amarin. A 2015 gwamnarta, Ket Burawun, ta sa hannu bisa sabuwar doka, aka soma aiki da ita a Janairun 2016. Ɗan ƙasa in ya zo neman parmi ko sabunta shi, biron ke aika sunansa ga hukumar zaɓe. Daga nan a aiko masa da takarda, a ba shi kwana 21 ya ce ba ya so. In ya yi shiru, ya shiga kundi. A shekarar farko an rubuta mutum fiye da 200,000 ta wannan hanya. Daga baya jahohi fiye da 20 suka bi sawu.

Sai dai baƙo ma yana samun parmi, alhali ba shi da ikon jefa ƙuri'a. A 2024 hukumomin Oregon suka gano cewa, bisa kuskuren ma'aikata, an rubuta mutum fiye da 1,200 waɗanda ba su nuna shaidar zama ƴan ƙasa ba, aka soke sunayensu. Abin ba ƙarami ba ne, domin baƙon da ya jefa ƙuri'a ana iya korarsa daga ƙasar.

Nauyin da aka sauke wa ɗan ƙasa ya koma kan ma'aikacin biro. In ya duba takardu da kyau, mai haƙƙi ya samu haƙƙinsa ba wahala. In ya yi sakaci, ya jefa bawan Allah cikin laifin da bai nema ba.