Jakar Goyo Mai Tambari: Sabuwar Gyara A Kantunan Kayan Masarufi

LEGAS: Duk wanda ya taɓa yin awo a kasuwar Mile 12 ko ta Oyingbo ya san cewa ciniki ba ya cika sai mai saye ya nemi gyara. Kalmar ta Hausa ce, amma ta daɗe da shiga bakin sauran 'yan ƙasa, waɗanda ke kiran ta "jara", ma'anarta kuwa tana nan yadda take, wato ɗan abin da mai sayarwa ke ƙarawa bayan an gama awo domin mai saye ya tafi da farin ciki, gobe kuma ya dawo. A manyan kantunan kayan masarufi, inda kowane kaya ke ɗauke da farashinsa a rubuce, babu taya ciniki, balle ƙarin dintsi a kan mudu. Wannan ne ya sa masu irin waɗannan kantuna suka nemi wasu hanyoyin ba da gyara, ɗaya daga cikinsu kuwa ita ce jakar goyo da aka buga wa sunan kanti da tambarinsa.

Dabarar ba ta yau ba ce. A ƙarshen ƙarni na 19, wani mai maɗaba'a a garin Coshocton na Jihar Ohio ta Amurka, Jasper Meek, ya shawo kan wani kantin takalma aka buga sunansa a jikin jakunkunan littattafai aka raba wa 'yan makaranta. Yara suka riƙa yawo da sunan kantin cikin gari safe da yamma, kuma masu tarihin harkar talla na lissafa wannan a cikin mafarin sana'ar kayan kyauta masu tambari.

A nan Nijeriya ma jama'a sun saba da kalanda, da lema, da bokiti, da riguna waɗanda kamfanoni ke rabawa, musamman a ƙarshen shekara. Haka kuma an ga yadda suna ke manne wa jaka har ya zama shi ne sunanta. Jakar buhu da ake zuwa cefane da ita, wadda Hausawa ke kira bakko, ta samo sunan ne daga Bagco, kamfanin yin buhuna na rukunin Flour Mills. Wannan darasi ne da babu ɗan kasuwar da zai raina.

Abubuwa uku ne suka ƙara wa jakar talla daraja a 'yan shekarun nan. Na farko shi ne yaƙin da hukumomi ke yi da leda. Ruwanda ta haramta ta a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, a Ingila kuma aka fara sayar wa masu sayayya ita a manyan kantuna tun 2015. A cikin gida, Gwamnatin Jihar Legas ta hana amfani da mazuban abinci na soso a watan Janairun 2024, sa'an nan daga 1 ga Yulin 2025 ta fara aiwatar da hani a kan robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar, ciki har da leda maras kauri. Da zarar kanti ya daina ba da leda kyauta, dole mai saye ya zo da mazubinsa, kuma tambayar da ke gaban mai kanti ita ce sunan wa zai kasance a jikin wannan mazubi.

Na biyu shi ne tsadar rayuwa. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar Naira a watan Yunin wannan shekara, Dalar Amurka da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a 2024. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa hauhawar farashin kayan abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A irin wannan hali, magidancin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wanda aka amince da shi a watan Yulin 2024, ba zai ɗauki jakar makaranta a matsayin ƙaramar kyauta ba, musamman a watan Satumba lokacin da kuɗin makaranta, da na littattafai, da na kayan sawa ke faɗo masa gaba ɗaya. Iyaye da yawa kasuwar gwanjo suke nufa, kamar ta Katangowa, domin samun jakar da aljihunsu zai iya ɗauka.

Na uku shi ne gasa. Tsofaffin kantuna irin su Kingsway, da Leventis, da UTC sun yi zamaninsu sun ja da baya. Kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu ya buɗe kantinsa na farko a Legas a 2005, ya kuma sayar da harkarsa ta Nijeriya ga masu jari na cikin gida a 2021. A tsakanin waɗannan shekaru kantunan 'yan ƙasa, manya da matsakaita, sun yawaita a unguwannin Legas, da Ibadan, da Fatakwal, da Inugu. Shinkafa, da man girki, da madara, da sabulun da ke wannan kanti su ne a wancan, farashin ma kusan ɗaya ne, don haka ɗan abu kaɗan ke sa mai saye ya zaɓi ƙofar da zai shiga.

Ko shakka babu jakar goyo tana da fifiko a kan sauran kayan kyauta. Kalanda a bango take tsayawa, mutanen gida kaɗai ke ganin ta, kuma da shekara ta ƙare aikinta ya ƙare. Lema sai da damina ko zafin rana, alƙalami kuwa ba ya jimawa yake ɓata. Ita jakar goyo tana shiga motar haya, tana hawa babur, tana zuwa makaranta da masallaci da coci da filin ƙwallo, tambarin kuma yana baya, daidai idon wanda ke biye. Bugu da ƙari, yawancin masu ganin ta mazauna unguwar da kantin yake ne, waɗanda su ne ainihin mutanen da mai kanti ke son jawowa. Tallar rediyo na iya kai wa ga dubban mutanen da ba za su taɓa taka ƙofar kantin ba saboda nisa, amma kuɗinta duka za a biya.

Sai dai kuma masu iya magana sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Jakar da aka ba mai saye kyauta, wani ne ya biya kuɗinta, kuma cinikin kayan masarufi sana'a ce mai yawan juyi da ƙarancin riba. A nan ne lissafi ya zama wajibi.

A ɗauka, a matsayin misali kawai, wani kanti ya ba da kwangilar jaka 500, kowace a kan Naira 6,000, jimla Naira miliyan 3 ke nan. A kuma ɗauka cewa bayan ya cire kuɗin haya, da albashi, da man janareta, abin da ke rage masa Naira 5 ce a cikin kowace Naira 100 ta ciniki. Kafin jaka ɗaya ta biya kanta, sai ta jawo cinikin Naira 120,000, jakunkunan duka kuwa sai sun jawo na Naira miliyan 60. Idan mai kantin ya yi shelar cewa duk wanda ya yi sayayyar Naira 50,000 a zuwa ɗaya zai sami jaka, ribarsa a wannan ciniki Naira 2,500 ce, ya kuma ba da kayan Naira 6,000. Muddin mai sayen bai dawo ba, an yi asarar Naira 3,500 a kansa.

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Cinikin da ya kamata a ƙirga shi ne wanda jakar ta ƙaro, ban da wanda da ma zai zo ko da jaka ko babu. Gidan da ya saba kashe Naira 150,000 a kantin cikin wata uku, idan ya kai Naira 200,000 domin ya cancanci kyautar, ƙarin da aka samu Naira 50,000 ne kacal. Saboda haka amfanin jakar na gaskiya yana cikin abubuwa biyu: riƙe tsohon abokin ciniki kada ya koma wani kantin, da jawo sabo wanda zai zauna. Shi ya sa tsarin da ya fi ma'ana shi ne na katin da ake buga wa hatimi a kowace sayayya, har mai saye ya cika adadin da aka ƙayyade cikin watanni, domin kafin ya karɓi jakar ƙafarsa ta riga ta saba da hanyar kantin.

Wata hanyar rage nauyi ita ce raba kuɗin da kamfanonin da ake sayar da kayansu. Masu yin madara, ko taliya, ko sinadarin ɗanɗano suna ware kuɗin talla a kowace shekara, kuma ba baƙon abu ba ne su haɗa hannu da kanti a buga tambari biyu a kaya ɗaya. Ƙananan masu shago da 'yan tireda, waɗanda ba su da ƙarfin yin odar ɗaruruwan jakunkuna, za su iya bi ta wannan hanya ta hannun dilolin da suke sari a wurinsu, ko kuma su haɗu a ƙungiyance su yi oda ɗaya, tun da farashin kowace jaka na sauka ne gwargwadon yawan da aka ɗinka.

Har ila yau, ingancin jakar shi ne ginshiƙin lissafin baki ɗaya. Jakar Naira 6,000 da ta yi shekara biyu ana zuwa makaranta da ita, wato kimanin kwana 360 na karatu, ta yi wa kantin talla a kan abin da bai kai Naira 17 a rana ba. Wadda aka saya Naira 3,500 ta yage cikin zango ɗaya, wato kimanin kwana 60, ta ci kusan Naira 58 a rana. Araha ba ta ado. Asarar ma ba ta tsaya nan ba, domin uwar da ta ga zif ya lalace, maratayi ya tsinke, littattafan ɗanta sun zube a titi, sunan da ke jikin jakar za ta tuna, kuma tana iya auna sauran kayan kantin da wannan ma'auni. Wuraren da jaka ke fara mutuwa sanannu ne ga maɗinka: zif, da mahaɗar maratayi, da gindi. Tambarin da aka saƙa da zare ya fi na fenti tsada, amma ya fi shi jure wanki da rana. Tambarin da ya cika girma kuwa yakan sa matasa da manya su ƙi rataya jakar, ta ƙare a ƙarƙashin gado.

Batun inda za a ɗinka jakar ma ya shafi tattalin arzikin ƙasa. Yawancin jakunkuna masu sauƙin kuɗi daga ƙasar Sin ake shigo da su, kuma mai oda daga can zai yi fama da canjin Dala, da kuɗin jirgi, da kuɗin fito, da jiran watanni kafin kaya su fito daga tashar Apapa. A ɗaya gefen akwai masu sana'ar jaka da takalma na Aba a Jihar Abiya, musamman a kewayen kasuwar Ariaria, da takwarorinsu na Mushin a Legas da na Kano, waɗanda ke karɓar ƙaramar oda, kuma mai kanti na iya zuwa da kansa ya duba samfuri kafin a ci gaba da aiki. Gaskiya ne cewa yadi da zif ɗin da suke amfani da su galibi na waje ne, saboda haka tashin Dala na taɓa su, amma ladan yanka da ɗinki da buga tambari a gida yake zama. Odar jaka 500 aiki ne na makonni ga ƙaramar masana'anta da yaran da ke koyon sana'a a cikinta.

Ta fuskar doka, akwai hukumomin da ya kamata mai kanti ya san da zamansu. Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tana da ikon bin kadin duk wata yaudara a ciniki, kamar a yi shelar kyauta alhali an ƙara kuɗinta a kan farashin kaya a ɓoye, ko a yi alkawarin jaka ga kowa alhali 'yan kaɗan aka tanada. Hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, ita ke sa ido a kan tallace-tallace. Idan kuma aka mayar da kyautar ta zama ta jefa ƙuri'a, inda mutum dubu za su saya goma su ci, an shiga wani fage mai buƙatar izini na daban, ban da cewa masu sayayya da dama na ƙyamar duk abin da ya yi kama da caca saboda addininsu. Sharaɗi bayyananne, wanda duk wanda ya cika shi zai karɓi jakarsa, ya fi kawo kwanciyar hankali ga kowane ɓangare.

Akwai kuma masu ganin bai dace a mayar da bayan yaro allon talla ba, musamman idan abin da ake tallatawa kayan zaƙi ne. Wasu makarantu masu zaman kansu ma jakarsu mai ɗauke da tambarinsu suke sayar wa ɗalibai, don haka ya kamata mai kanti ya san makarantun unguwarsa kafin ya zuba kuɗi. Jaka mai launi natsattse da ɗan ƙaramin tambari, wadda uba zai iya zuwa aiki da ita, uwa ta je cefane, yaro ya je makaranta, ta fi kauce wa waɗannan matsaloli.

A taƙaice, da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma mai hankali yakan san zurfin rijiyar kafin ya zura guga. Kafin mai kanti ya sa hannu a takardar oda, ya kamata ya san ribarsa a kowace Naira 100, ya san abokan cinikinsa na kullum da abin da suke kashewa, ya gwada samfurin jakar da kaya masu nauyi, sa'an nan ya ajiye lissafin cinikin watanni shida kafin rabon da watanni shida bayansa. Wannan lissafi ne zai gaya masa ko ya sake yin oda kafin Satumba mai zuwa.