JINGINAR GIDA GA BANKI: ABIN DA ZA A YI IDAN BIYA YA GAGARA

Bayani domin Hakimai da malamansu

1. Dalilin wannan bayani

Duk Hakimin da ya daɗe kan sarauta ya san irin kukan da a kan kawo zaurensa bayan lokaci ya ƙure. Magidanci ya zo da takarda a naɗe cikin aljihu, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce banki zai sayar da gidansa. In malamin Hakimi ya warware takardar ya dubi kwanan wata, sai ya ga ta yi wata huɗu ko biyar da zuwa. Kunya ce ta sa mai ita ya ɓoye ta, ko iyalinsa bai gaya wa ba. Alhali kuwa da ya kawo ta tun ranar da ta zo, da an sami abin yi.

Abin da a ke so a gane shi ne, gida ba ya salwanta ranar da biya ya tsaya. Tsakanin tsayawar biya da bugun gwanjo akwai matakai da doka ta shimfiɗa, ƙofar fansa kuwa a buɗe ta ke har ranar da aka ƙulla ciniki da mai saye. Wanda ya san matakan nan ya kan tsira da gidansa, in kuwa bai tsira da gidan ba ya tsira da sauran kuɗinsa.

2. Jinginar gona dabam, jinginar banki dabam

Asalin ruɗanin daga kalmar jingina ne. A al'adar ƙasar Hausa, in mutum ya jinginar da gonarsa, gonar ta kan koma hannun mai kuɗi ya riƙa nomawa, galibi ba a yanka ranar biya. Ko bayan shekara ashirin, in ɗa ko jika ya kawo kuɗin, sai a mayar masa da gonar ubansa. Mutane da yawa da wannan tunani su ke shiga banki.

Jinginar banki ba haka ta ke ba. Mai gida yana nan zaune cikin gidansa, takardar shaidar mallaka kaɗai ke hannun banki. Amma an yanka abin da zai biya kowane wata, an kuma rubuta cewa in ya kāsa, banki na da ikon sayar da gidan ya ɗebi kuɗinsa. In an sayar bisa ƙa'ida, ba ɗa ba jika da zai iya fansa.

Irin wannan rance ya daɗe a Nijeriya. Cikin shekarar 1956 aka kafa ƙungiyar ba da rancen gina gidaje ta Nijeriya, wadda cikin 1977 ta zama Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Cikin 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda a ke cire wa ma'aikatan Gwamnati kashi 2 da rabi cikin 100 na albashinsu a zuba ciki, su kuma su sami damar neman rance da ruwa kashi 6 cikin 100, a biya cikin shekarun da ba su wuce 30 ba. Ban da ma'aikata akwai 'yan kasuwa, waɗanda kan ajiye takardar gida su karɓi jari a bankin kasuwanci, inda ruwa ya ninka wancan nesa ba kusa ba. Su ne bashi ya fi saurin hawa kansu.

3. Yadda bashin ke ƙaruwa

Ga misali. A ce ma'aikaci ya ranci Naira 5,000,000 da ruwa kashi 6 cikin 100, zai biya cikin shekara 20. Abin da zai riƙa biya kowane wata kamar Naira 35,800 ne. A watan farko Naira 25,000 daga ciki kuɗin ruwa ne, wajen Naira 10,800 kaɗai ke rage uwar kuɗi. Shi ya sa mutum kan yi shekara uku yana biya, in ya tambayi saura ya ga uwar kuɗi ba ta ragu da yawa ba, ya ɗauka cutarsa a ke yi.

To, in ya tsaya wata shida, abin da ya taru ya haura Naira 214,000, ban da tarar jinkiri da takardar yarjejeniya ta kan ɗora. Har wa yau akwai wani sharaɗi da masu rance ba safai su ke lura da shi ba. Yawancin takardun nan sun ce in an kāsa biya, banki na iya kiran bashin gaba ɗaya, watau ya nemi dukan uwar kuɗin da ta rage a lokaci guda, ba na watannin da aka tsallake kaɗai ba.

4. Ikon banki da iyakarsa

Jingina iri biyu ce a doka. Ta farko ita ce wadda aka rubuta cikakkiyar takarda, aka sa hannu gaban shaidu, aka sami yardar Gwamna, aka yi rajista a ofishin filaye. Mai irin wannan jingina na iya sayar da gida ba tare da ya je kotu ba. Ta biyu ita ce wadda aka ajiye takardar gida kawai a hannun mai ba da rance. Wannan ba shi da ikon sayarwa sai ya nemi umurnin kotu. Tambayar farko ke nan da ya kamata malamin Hakimi ya yi wa mai kuka: wace takarda ya sa wa hannu, ina kuma kwafinta?

Game da yardar Gwamna, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna bisa amana. Sashe na 22 ya hana jinginar da filin da Gwamna ya ba da izninsa sai da yardarsa, sashe na 21 kuma ya sa a nemi yardar Ƙaramar Hukuma kan filayen gargajiya na karkara. Wannan ba baƙon abu ba ne a Arewa, gama Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta riga ta shimfiɗa irin wannan sharaɗi. Cikin 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda ba a nemi yardar Gwamna ba. Amma kada kowa ya dogara da wannan. Ko jingina ta rushe, bashi bai faɗi ba, ana iya binsa ta kotu.

Jihohin da ba su yi tasu dokar ba suna bin wata tsohuwar dokar Ingila ta 1881. Bisa ga wannan doka, ko ranar biya ta wuce, banki ba zai sayar ba sai ɗayan abu uku ya auku: ko an ba mai gida notis a rubuce ya yi wata uku bai biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba, ko kuwa ya karya wani sharaɗi dabam na yarjejeniyar, kamar barin inshorar gida ta mutu. Sai dai bankuna su kan rage waɗannan wa'adodi cikin takardar da su ke ba mutum ya sa hannu, kotu kuwa abin da aka rubuta ta ke dubawa. Saboda haka karanta takardar wajibi ne.

In gwanjo za a yi, dokar masu gwanjo ta sa a yi shela ga jama'a aƙalla kwana bakwai kafin ranar. Banki ba shi da ikon sayar wa kansa. In an tabbatar da zamba ko haɗa baki da mai saye, kotu na iya rushe cinikin, amma araha kaɗai ba ta isa hujja ba.

5. Rabon kuɗin gida

Mutane da yawa na zaton in an sayar da gida dukan kuɗin na banki ne. Ba haka ba ne. A kan fara fid da kuɗin ɗawainiyar sayarwa, sa'an nan a biya bashi da ruwansa, abin da ya rage na mai gida ne. A ce an sayar da gida Naira 9,000,000, ɗawainiya ta ci 500,000, bashi kuma 4,500,000 ne. To, Naira 4,000,000 hakkin mai gida ne, yana da ikon neman lissafi a rubuce. Amma in 4,000,000 kaɗai gidan ya yi, bayan an fid da ɗawainiya saura Naira 1,000,000 na nan a wuyansa, ga shi ba gida.

Shari'ar Musulunci ma a nan ta tsaya. A mazhabar Malikiyya abin jingina ba ya zama mallakar mai bin bashi don kurum wa'adi ya cika. Sayarwa a ke yi, a biya shi, a mayar wa mai abu saura. Wannan ya shafi 'yan kasuwar da kan karɓi takardar gidan maƙwabci su ce in ranar ta wuce gida ya zama nasu. Bankunan da ba su karɓar ruwa, irin Jaiz wanda ya fara aiki cikin 2012, su ma su kan riƙe takardar gida, biya kuma tilas ne.

6. Abin da mai bashi zai yi

Da farko, ya je banki da ƙafarsa tun watan da ya ga biya zai gagara, ya kuma rubuta takarda ya faɗi dalili, ko jinkirin albashi ne, ko ciwo, ko gobara, ko karyewar jari. Ya ajiye kwafi mai hatimin banki. Sayar da gida wahala ce ga banki kansa, ga kuɗin lauya ga jinkirin kotu, saboda haka ya fi son wanda ya zo da shawara bisa wanda ya ɓuya.

Na biyu, ya nemi cikakken lissafin bashinsa, ya gwada da rasiɗan da ke hannunsa. In ya ga kuskure ya kai kuka ga bankin a rubuce, in ba a share masa hawaye ba ya kai ga sashen kare hakkin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya.

Na uku, ya roƙi a sake tsara biya. Ana iya raba abin da ya taru a kan watannin gaba, ko a ƙara shekaru. Rancen nan na Naira 5,000,000, da shekara 30 aka yanka masa, da biyan wata ya sauko wajen Naira 30,000. Amma jimlar abin da za a biya ta kan tashi daga kamar miliyan 8 da dubu 600 zuwa miliyan 10 da dubu 800. Sauƙin yau ne da nauyin gobe, ya kamata a gaya masa gaskiya.

Na huɗu, ya ci gaba da biyan abin da ya sawwaƙa, kome ƙanƙantarsa, ya karɓi rasiɗi. Kada ya ci bashin masu ba da kuɗi da ruwa na mako-mako don ya toshe na banki, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Na biyar, in ya tabbata ba zai iya ba, gara ya nemi yardar banki ya sayar da gidan da kansa. Mai gida da dillalinsa su kan sami kuɗin da ya fi na gwanjo, ya biya bashi, ya sayi ƙarami da saura.

In sammaci ya zo, lalle ne ya halarta, ya nemi lauya. Wanda ba shi da hali ya tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa cikin 1976. Ya kuma sani kotu ba safai ta kan tsai da sayarwa ba sai mai gida ya ajiye kuɗin da a ke binsa a hannunta.

7. Inda Hakimi ya shigo

Hakimi ba shi da ikon hana sayarwa ko yanke hukunci. Shari'ar filin da ke da takardar Gwamna ta Babbar Kotun Jiha ce. Amma akwai wurare huɗu da hannunsa ke da amfani ƙwarai.

Na ɗaya, gidan gado. Sau da yawa babban wa kan ɗauki takardar gidan da ba a raba ba ya kai banki, ƙannensa mata da marayu ba su sani ba sai ranar da masu gwanjo su ka zo duba gida. Kada dagaci ko mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida sai ya ga dukan magada, ya ji yardarsu da kunnensa.

Na biyu, rasuwa. In mai bashi ya rasu, bashi a ke fara biya kafin rabon gado. A sanar da banki nan da nan, a kuma bincika ko rancen na da inshorar rai, gama wasu rancen gidaje da ita a ke ba da su, ita ce za ta biya saura.

Na uku, sulhu. Takarda daga ofishin Hakimi mai tabbatar da cewa gobara ko ambaliya ta auka wa mutum ta kan ƙarfafa roƙonsa. Haka kuma tara dangi su yi karo-karo kafin ranar gwanjo ya fi tara su jaje bayanta.

Na huɗu, kiyaye zaman lafiya. Hanyar fid da wanda ya ƙi fita ita ce umurnin kotu, ma'aikatan kotu ke zartarwa. Ba a yarda mai bin bashi ya turo ƙarti su watsar da kayan mata waje ba, ba a kuma yarda samarin unguwa su tare ma'aikatan kotu ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi kawai.

8. Roƙo ga malaman Hakimai

Ana roƙon malamai su karanta wa mai kuka takardarsa daga farko har ƙarshe, su fassara masa, su rubuta ranar da wa'adi zai cika cikin littafin ofis, su tura shi banki ko wurin lauya a ranar, ba jibi ba. Wanda ya gama biya kuma a tuna masa ya karɓo takardar gidansa tare da takardar saki, ya kai ofishin filaye a soke jinginar, domin kada 'ya'yansa su tarad da ita bayan ransa.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. In dagatai da masu unguwanni su ka riƙa faɗin haka a majalisa da ƙofar masallaci, kunya za ta ragu, takardun banki su riƙa isowa zauren Hakimi tun wa'adi da saura.