Laftof Ta Ƙi Kama Intanet: Daga Ina Za a Fara Bincike?

A ƙarshen watan Satumba na shekarar 2021, Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Birnin Gwari, domin a toshe wa 'yan bindigar da ke dazuzzuka hanyar tuntuɓar masu kai musu rahoto. Sai wajen ƙarshen Nuwamba aka mayar da su. A tsawon waɗannan makonni, duk wanda ya kunna laftof kusa da 'yar na'urar nan mai rarraba intanet a gida, wadda ake kira rauta, zai iya ganin alamar waifai ta cika fal, amma ko shafi ɗaya ba zai buɗe ba. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, rautar ma haka.

Dalili kuwa shi ne gada biyu saƙo yake ƙetarewa. Ta farko tana tsakanin laftof da rauta, ita ce waifai, kuma ba ta wuce 'yan mitoci. Ta biyu tana tsakanin layin da ke cikin rautar da dogon ƙarfen sabis na kamfanin waya. Alamar da ake gani a kusurwar allo labarin gadar farko kaɗai take bayarwa. Saboda haka malamin da ke fama da rajistar jarrabawar ɗalibansa ga wa'adi ya matso, kafin ya ɗauki kwamfuta zuwa wajen mai gyara, ya fara haɗa wayarsa da rautar. Idan ita ma ta kasa, to a duba data, a duba sabis. Idan kuwa wayar ta buɗe shafi, laifin ya koma kan laftof.

A nan sai a bi ƙa'idar ɗakin gwaje-gwaje, wato a sauya abu ɗaya tak, sannan a gwada. Mai taɓa abu biyar a lokaci guda, ko ya dace, ba zai san wanne ya yi maganin ba. A tabbatar ba a danna maɓallin yanayin jirgin sama bisa kuskure ba. A sa kwamfutar ta manta sunan rautar, a sake rubuta kalmar sirri a tsanake, domin babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne wurinta. Idan an duba lambar adireshin kwamfutar aka tarar ta fara da 169.254, alama ce rautar ba ta ba ta adireshi ba. A kashe rautar, a ɗan jira, a sake kunnawa.

Wani abin da ya fi ban sha'awa shi ne halin igiyar rediyon kanta. Waifai, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a 1997, ya fi amfani da zango biyu: gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Tsawon igiyar na farko kimanin santimita 12 da rabi ne, na biyu kuwa santimita 6. Na biyun ya fi sauri, amma katangar ƙasa mai kauri takan raunana shi ƙwarai, kuma tsofaffin laftof da yawa ba sa ganinsa sam. Kwanon rufi da ƙofar ƙarfe suna mayar da igiyar baya, ruwa kuma yana shanye ƙarfinta. Shi ya sa rautar da aka ajiye a ƙasa bayan randa ba ta kai saƙo zaure, kuma shi ya sa ɗanyen ganyen itatuwa irin na Dajin Kamuku yake rage ƙarfin sabis da damina fiye da rani. A ɗaga rautar sama, kusa da taga mai fuskantar ƙarfen sabis.

Akwai kuma wani ɗan batir mai kama da kwabo a cikin laftof, wanda ke riƙe agogonta. Idan ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya, shafuka masu tsaro kuma su ƙi buɗewa ko da duk gadojin biyu suna aiki. Kafin a samu sabon batir, gyara kwanan watan da hannu yana wadatarwa.