Harsashin Farautar Barewa a Amurka

Idan kaka ta shigo a Amurka, mafarauta kan bazama daji neman barewa. Da yawansu sun koma ga bindigar AR-15, wadda ke ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, ga ta ba nauyi. Sai dai harsashinta na asali, .223 Remington, ƙarami ne; jihar Virginia ma ta hana harbin barewa da shi.

Shi ya sa ake canja mata bututu don ta ɗauki wani harsashi. Mai farauta a fili, inda dabba kan tsaya nesa, 6.5 Grendel ya fi dacewa da shi: yana cin mita 300 da ƙarfinsa, kuma ba ya naushin kafaɗa sosai. A cikin kurmi kuwa .300 Blackout ya wadatar, muddin dai ba a yi nisa ba.

Doka ma na da ta cewa. A Ohio sai harsashi mai miƙaƙƙen kwanso, wanda ba ya zuwa da nisa, saboda gidaje da gonaki. Don irin waɗannan jihohi kamfanin Winchester ya fitar da .350 Legend a 2019.

Shi .308 Winchester ƙarfi ba a magana, amma bindigarsa AR-10 ta fi nauyi a kafaɗar mai hawan tudu.